Ni da Shadow a gosulo

Wata uku kenan da na sayar da Boxer ɗina na ɗauko Honda Shadow 750 na hannu, ɗan Kwatano, kuma gaskiya satin farko sai da na fara tunanin ko kuɗina na zubar. A babban titi ba ni da magana, in ka hau hanyar Zariya ka sa giya ta 5 mashin ɗin kamar kujerar falo yake, sai dai sautin salansa a bayanka. Matsalar duk tana inda ake tafiyar hawainiya.

Abin da ya fara ruɗa ni giya ce. Boxer giya 4 ne duk ƙasa kake takawa, ƙafata ta saba shekara da shekaru. Wannan kuwa ɗaya ƙasa, huɗu sama, firi tana maƙale tsakanin ta 1 da ta 2, ga matakin ƙafar can gaba kamar mai miƙe ƙafa a tabarma. Sau nawa zan so in ƙara giya in taka ƙasa, mashin ya yi wani ƙugi ya ja baya da ni har mutane su waiwayo.

Amma wanda ya fi ba ni kunya ran wata Asabar ne, zan juya a layinmu daidai teburin mai shayi. Na karya kan mashin gaba ɗaya, wani yaro ya gifta, hannuna da kansa ya damƙe burkin gaba yadda na saba. Shikenan. Abu mai nauyin kusan kilo 250 in ya fara kwanciya ba a tare shi da ƙafa ɗaya, a hankali ya kwanta kamar raƙumi, ni kuma na tsallake gefe. Mutum uku muka ɗaga shi. Mai shayin cewa ya yi "Alhaji sannu, ai doki sai da linzami", ni ko Hajji ban je ba.

Bakanikena ne ya warware min. Ya ce oga kai tsoron kuloci kake yi, kana sakinsa duka kamar wanda ya riƙe garwashi. Kulocin irin waɗannan a cikin mai yake wanka, don ka riƙe shi rabi na ɗan lokaci ba ƙonewa zai yi ba. Ya ce in ɗan ɗaga totur ya tsaya wuri ɗaya, in riƙe rabin kuloci, ƙafar dama kuma ta ɗan danna burkin baya, burkin gaba kuwa in manta da shi muddin kan mashin a karye yake. Sannan in daina kallon taya, in kalli inda nake so in je. Na ɗauka surutu ne, sai da na yi kwana biyar ina zuwa filin makarantar firamare bayan la'asar ina zagaya gwangwanayen madara biyu, yara suna min dariya, kafin jikina ya yarda.

Har yanzu akwai wani gudu da ke ba ni haushi, wanda ake yi a bayan 'yan adaidaita sahu wajen Ƙofar Wambai. Giya ta 1 injin na ihu yana fizga, ta 2 kuma yana tari kamar zai mutu. Da Boxer ne sai a canja haƙorin sarƙa a daidaita, to nawa ba shi da sarƙa, shaft ne, wato sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya, babu abin canjawa. Yanzu ta 2 nake zama in riƙa wasa da kuloci, hannun hagu kan gaji sosai, ga zafin injin yana gasa cinya in fanka ta tashi.

Jiya dai na juya a gaban mai shayin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Bai ma ɗago ba, yana can yana soya Indomie.