Abin da dillancin lauyoyi ya koya mini

A sana'ar nemo wa kamfanoni lauyoyi, kamfanin da ya ɗauki mutum shi ke biyan la'ada, ba lauyan ba. Yawanci wani kaso ne na albashin shekarar farko, kuma ba ya shigowa hannu sai lauyan ya kama aiki. Sau da yawa ma akan gindaya sharaɗin cewa idan ya bar wurin cikin 'yan watanni, sai ka mayar da wani ɓangare na kuɗin ko ka kawo wani a madadinsa. A nan jarabawar aikin take. Aljihunka kullum yana so ka ce "ya dace, ku ɗauke shi", ko da zuciyarka ta san bai dace ba.

Ƙananan lauyoyi ba su da wuyar sha'ani, kuma manyan kamfanoni ba su cika buƙatar irinmu ba wajen ɗaukar waɗanda suka fito daga makaranta. Suna da hanyarsu tun da daɗewa. A farkon ƙarni na 20 wani lauya mai suna Paul Cravath ya shimfiɗa tsarin da kamfanonin lauyoyi da yawa suka kwaikwaya daga New York: a ɗauko haziƙan ɗalibai, a horar da su a cikin gida, bayan wasu shekaru ko mutum ya zama abokin tarayya mai kaso a ribar kamfani, ko ya nemi wani wuri. Abin da ya wajaba dillali ya sani a wannan mataki shi ne ƙa'idar lasisi, don izinin aikin lauya ba ya tsallake iyaka da kansa. A Amurka kowace jiha da nata. A Ingila da Wales an shigo da SQE, jarrabawar samun lasisin rukunin lauyoyin da ake kira solicitor, a 2021, tare da sharaɗin shekara 2 na gogewar aiki. Wannan duk abu ne da ake karantawa a haddace.

Inda aikin yake da nauyi shi ne idan babban lauya, abokin tarayya, yana son sauya sheƙa. Kamfanin da zai karɓe shi ba takardun makarantarsa yake dubawa ba. Tambayarsa ɗaya ce: kwastomomi nawa za su biyo shi? Ban taɓa zama da babban lauyan da ya rage wa kansa lissafi ba. Zai faɗi kuɗin da ya shigo wa kamfani ta hannunsa a bara, kuma ba ƙarya yake yi ba. Amma kuɗin da ya biyo ta hannunka daban, wanda zai bi ka idan ka tashi daban.

Sai da na daɗe a aikin kafin na gane irin tambayoyin da ke fito da gaskiyar lamarin. Wa ya fara kawo wannan kwastoma, kai ne ko ka gaje shi daga wanda ya yi ritaya? Idan matsala ta taso musu da tsakar dare, lambar wa suke kira? Su wa ke yin ainihin aikin, kuma za su biyo ka? Banki ko babban kamfani sau da yawa yana da jerin kamfanonin lauyoyin da ya amince da su, kuma idan sabon wurin ba ya cikin jerin, duk ƙaunar da ke tsakaninku ba za ta kawo aikin ba. Akwai kuma batun farashi. Idan sabon kamfani yana cajin kuɗin aikin kowace awa da tsada fiye da tsohon, kwastoma zai yi maka fatan alheri ya zauna inda yake. Wasu lauyoyin kan ji haushin waɗannan tambayoyi, su ga kamar ana tuhumarsu. Ni kuwa na fi son mutum ya ji haushina a ofishina da ya je sabon wuri, bayan shekara ɗaya a zaunar da shi a ce ina abin da ka yi alkawari.

Duniya ta ga abin da ke faruwa idan aka sayi suna ba tare da wannan lissafi ba. Kamfanin Dewey & LeBoeuf ya samu ne daga haɗewar wasu tsofaffin kamfanoni biyu na New York a 2007, ya tara lauyoyi sama da 1,000, ya riƙa jawo manyan lauyoyi da alkawarin kuɗi mai yawa na shekaru, ko sun kawo aiki ko ba su kawo ba. Da abin da ke shigowa ya kasa cika alkawuran, abokan tarayya suka fara ficewa, kwastomomi na bin su. A watan Mayu na 2012 kamfanin ya durƙushe. Abin da ya sa ficewar ta yi sauƙi haka, ƙa'idar aikin lauyoyi a Amurka ta hana a ɗaure lauya da yarjejeniyar da za ta hana shi aiki a wani wuri bayan ya tashi, saboda kwastoma ne ke da 'yancin zaɓen lauyansa. Wato abin da ke ciyar da sana'armu shi ne kuma ke iya rushe kamfani cikin 'yan watanni.

Wani abin da ke kashe magana bayan an yi nisa shi ne cin karon kwastomomi. Lauya na iya dacewa ta kowace fuska, amma a duba a ga sabon kamfanin yana wakiltar wanda ke shari'a da babban kwastomansa. Shi ke nan, an gama. Shi ya sa nake matsawa a yi wannan binciken da wuri, kafin a fara zancen kuɗi, tare da kiyaye cewa lauya ba zai bayyana sirrin kwastomansa ba don yana neman aiki.

Shi ma lauyan yana da nasa sirrin, kuma a hannunka yake. Takardar tarihin aikinsa ba ta fita sai da izininsa, kamfani bayan kamfani, a rubuce. Lauyoyi sun san juna ƙwarai. Wanda ka aika wa takardar yana iya zama abokin karatun maigidansa. Dillalin da ke watsa takardun mutane ko'ina don ya riga wasu, ganinsa nake kamar mai haƙa rijiya a gefen masai: ruwa zai fito da wuri, amma ba mai sha.

Masu sha'awar shiga wannan aiki sukan tambaye ni ko dole sai mutum ya karanta shari'a. Ba dole ba ne, kodayake da yawa daga cikinmu tsofaffin lauyoyi ne. Abin da ba makawa shi ne ka san bambancin mai tsayawa a kotu da mai rubuta yarjejeniyar sayen kamfani, don lauya zai gane cikin minti biyar idan ba ka san aikinsa ba. Sai kuma ka iya jure jira, domin maganar sauya sheƙar abokin tarayya kan ɗauki watanni, wani lokaci ta kai shekara, kuma a ranar ƙarshe tsohon kamfaninsa na iya ƙara masa kaso ya fasa tafiya, kai kuma ka tashi ba ko sisi.