Tarihin Rayuwata: Gida a Kan Taya (Kashi na 9)

A kashi na takwas mun tsaya a Dindima, bakin gadar kogin Gongola, inda hanyar Yankari ta rabu da titin Bauchi zuwa Gombe. Wannan makon zan jingine labari, mu shiga cikin motar mu ga yadda ake zama a ciki wata da watanni. Duk wanda zai mayar da hayis ɗakin kwana, kafin ya je wurin kafinta ko mai walda, ya ɗauki biro da takarda, domin komai na wannan rayuwa lissafi ne, kuma nauyi ne farkonsa.

Toyota HiAce irin tamu an ƙera ta ne don mutum goma sha huɗu ko sha biyar. A ba kowa kilo 70, ya kama kusan tan ɗaya. Jarinka ke nan, daga ciki za ka yi ta zara. Gado da kabad na katako sukan ci kilo 150 idan kafinta bai yi almubazzaranci ba. Batir mai ruwa na 200Ah (Ah awon cajin da batir ke riƙewa ne) kusan kilo 60 ne. Tukunyar gas mai kilo 12.5, idan ta cika, da ƙarfenta ta haura kilo 25. Ƙara safaya biyu, jak, akwatin sifanu, katifa, buhun shinkafa, tukwane, tufafi, da ku kanku. Ba a zo kan ruwa ba tukuna, ga shi kowace lita kilo ɗaya ce cur. Abu mai nauyi a ƙasa ake ajiye shi, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Wanda ya ɗora tanki a rufi zai ji motar tana rangaji a kwana, wanda kuma ya jibge komai a bayan tayar baya zai ji sitiyari ya yi sakayau, sifirin ya miƙe, taya ta fara cin gefe.

Ruwa shi ke yanke kwana nawa za ka yi nesa da gari. Ga lissafin mutum biyu a bazara: sha lita 8, alwala da tsarki lita 10, girki da wanke-wanke lita 12, wanka bokiti ɗai-ɗai lita 20. Hamsin ke nan a yini. Lita 150 kwana uku za ta yi, in an samu wurin wanka a waje ta kai biyar. Na fi yarda da jarkoki shida masu lita 25 a kan babban tanki guda. Tanki idan ya yi rabi, ruwan yakan riƙa dukan bangonsa duk sanda aka taka birki, sai ka ji kamar ana tura motar daga baya. Jarka kuwa ko dai cike take ko babu komai, guda ɗaya ce kawai ake ɗiba. In ta fashe, kashi ɗaya cikin shida ka rasa. Sannan ana iya ɗaukarta a hannu zuwa famfon burtsatsen da mota ba za ta iya isa ba, ko a miƙa wa mai kura ya ciko. Jarkar man gyaɗa tana yi, a wanke ta da ruwan zafi da omo sau biyu ko uku, a kife ta a rana. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur kuwa har abada ba ta ruwan sha ba ce. Farar jarka da haske ke ratsawa gansakuka take yi cikin mako, a rufe ta da buhu. A ware biyu a ɗaura musu jan ƙyalle, su ne na sha, ba a zuba musu ruwan rafi ko na dam sai wanda aka tafasa.

Wuta ita ce inda mutane suka fi asarar kuɗi. Batirin ɗaki daban, batirin tayar da inji daban. Wanda ya haɗa su zai wayi gari a daji makulli yana ƙas-ƙas. Batir 200Ah mai bolt 12 yana riƙe 2,400Wh a takarda (Wh awon wuta ne, wat sau awa), amma mai ruwa rabi kawai ake sha, wato 1,200. In ana tatse shi ƙarƙaf kullum, ba zai ga shekara ba. Me dare ke ci? Fanka biyu masu wat 20, awa goma, 400. Ƙaramin firji mai bolt 12 da ke jan wat 45 yana tashi yana hutawa, daga magariba zuwa hantsi kamar 300. Ƙwayaye uku da cajin wayoyi, 100. Jimla 800, akwai saura. Amma dutsen guga ko butar lantarki, kowanne wat dubu ne ko fiye, su kam sai a gari.

Farantin sola biyu masu wat 200 su ke mayar da abin da aka sha. Rana mai ƙarfi kamar awa biyar ce, a cire kusan kashi 30 cikin ɗari na zafi da asarar waya, a samu 1,400Wh. Da hunturu hazo da ƙura suna rage wannan sosai, shi ya sa goge faranti da jiƙaƙƙen tsumma yake cikin aikin asuba kamar share ɗaki. Wajen haɗawa, batir ake fara jona wa kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir, sannan faranti, wajen cirewa a fara da faranti; juya wannan tsari yana ƙona kwantirola. Fiyus kuma ya zauna kusa da kan batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Inbata mai wat 600 tana jan amfiya 50 daga batir, siririyar wayar gida ba za ta ɗauka ba, zafi za ta yi robarta ta narke a bayan katako inda ido ba ya gani. A sa mai kauri 16mm², gajera, a saka mata roba duk inda ta ratsa ƙarfe, don girgizar hanya tana sa ƙarfe ya yanke ta a hankali. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, akwatinsa na buƙatar ƙofar iska zuwa waje.

Akwai wata rigima da ba ta ƙarewa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kai digiri 40: faranti rana yake so, mutum inuwa. Maganinta a bar faranti ɗaya ba a ɗaure a rufi ba, a yi masa waya mai kauri mita goma. Mota tana gindin darbejiya ko tsamiya, faranti yana fili. Da damina kuwa a guji gindin tsohuwar bishiya, iskar farkon hadari reshe take karyawa.

Gas ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, daidai inda mai barci yake shaƙa. Don haka tukunya a tsaye take zama, a ɗaure, cikin akwatin da aka huda ƙasansa zuwa waje. Ana gwada tiyo da kumfar sabulu, inda ya yi ƙwai nan ne ɓarakar. A rufe daga kan tukunya bayan kowane girki. Abin da na fi jin tsoro shi ne kaskon gawayi a daren sanyi na Disamba da Janairu. Hayaƙinsa marar wari ne, a rufaffiyar mota yakan kashe mutum yana barci. Bargo biyu da safa sun wadatar, wallahi kada a gwada.

Taya a sayi mai harafin C, irin 195R15C, ita ce ta kaya. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Wadda ta haura shekara biyar ko shida, ko zanenta na nan raɗau, robarta ta bushe. Awon iska da safe ake yi kafin taya ta ɗau zafi. Matatar iskar inji a kakkaɓe ta duk mako da hunturu. Gangara kuma, ko ta shiga garin Gombe daga hanyar Bauchi, ko saukowa daga tsaunin Tula zuwa Kaltungo, da giyar da aka hau da ita ake sauka. Mota mai nauyi in aka danne birki tun daga sama, zafi zai sa ya daina kamawa, feda ta tafi ƙasa.

Tuƙi ya ƙare da la'asar. Dare na tirelolin siminti ne da ramukan da fitila ba ta nunawa. Ba a kwana a inda babu mutane, ba a kuma kwana a gari ba da sanin masu shi ba. A ƙauye a nemi mai unguwa, ko jauro a ƙasar Fulani, a durƙusa a gaisa: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Bauchi, ni da iyalina. A motar nan muke kwana, muna neman inda za mu raɓa zuwa safiya." Yawanci kusa da masallaci ko ƙofar gidansa zai nuna, ya kuma sanar da 'yan banga. A juya gaban mota ya kalli hanyar fita, makulli a wuri ɗaya kullum, kujerar direba babu kaya a kai. A bakin ruwa kamar Dadin Kowa, ragar taga kaɗai ba ta isa ba, sai an ɗaura gidan sauro tun kafin magariba. A Wikki ta cikin Yankari kuwa, inda ruwan ɗumi yake digiri 31 rani da damina, birai ne ɓarayin. Taga a buɗe da burodi a kan kujera, an gama.

Sallah ma tana da nata lissafin. A mazhabar Malikiyya matafiyi yana ƙasaru matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba. In ya yi niyyar, sai ya cika, ko da a cikin mota yake kwana.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu tashi daga Dindima mu bi ta Alkaleri mu shiga Gombe, inda za a sauya sifirin na baya.