Boris da birkin tirelata kafin a fara jigilar kaka

Ƙaramar tirelar da nake ja da a-kori-kura ba ta da inji, ba ta shan mai, shi ya sa masu irinta da yawa suke ɗauka iska a taya kawai take buƙata. Ni kuwa da ruwa ya ɗauke, kafin in ɗora mata buhun masara zuwa kasuwar Dawanau, sai na ware yini guda na buɗe ƙafafunta biyu. Damina ce dalili. Ana ratsa ruwa da ita wajen kai taki gona, kuma hob ɗin, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kai, da ya ɗau zafi a hanya, in ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke ta zuƙo ruwa ta gefen oyil sil, robar da ke tare giris. Daga nan a ajiye tirela wata biyu cikin ciyawa, tsatsa tana cin boris, wato zoben ƙarfe mai 'ya'ya da taya ke juyawa a kansa, ba wanda ya sani, sai ranar da aka yi mata lodi.

Aksul ɗin tawa na kamfanin Dexter ne na Amurka, kuma su da kansu sun ce a sake giris duk wata 12 ko bayan mil 12,000, kusan kilomita 19,000. A hanyoyinmu masu ƙura da ramuka, ba na jiran kilomita.

Nakan sa wa ɗaya tayar waigi, in ɗaga wannan da jak, in tokare da ƙarfe mai ƙarfi, don jak kaɗai ba abin yarda ba ne. Sai in juya taya in kasa kunne. Lafiyayyen boris ba ya gurnani. In kama tayar sama da ƙasa in girgiza. Idan ta yi ƙwal-ƙwal, akwai magana. Bayan an cire hula da fin da noti, giris ne zai fara ba ka labari. Idan ya yi fari-fari ya tsinke kamar koko, ruwa ya shiga. Idan ka murza shi tsakanin yatsu ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe, boris ya fara cin kansa. Ina wanke boris biyun, na ciki da na waje, da kananzir, in shanya, in duba 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya a rana. Wanda ya yi shuɗi ya sha zafi, wanda ya yi ƙananan ramuka ya gama aiki. Kuma in za a canja boris, a canja shi tare da kofin da yake zama a ciki. Sabon boris a tsohon kofi asarar kuɗi ce. Lambarsa tana rubuce a gefensa, na waje a tirelata L44649 ne, amma duk da haka da tsohon nake zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a hannu, kuma ina tambayar SKF ko Timken ko Koyo wurin wanda na sani, saboda jabu ya yi yawa a cikin kwalaye masu kyau.

Cusa giris aikin tafin hannu ne. Ka ɗebo shi a tafin hagu, ka riƙa danna faɗin bakin boris a kai har sai ya ɓullo ta ɗaya gefen tsakanin 'ya'yan, ka zagaye shi duka. Shafawa a waje ba ta kai shi inda ake so. Kada a haɗa giris iri biyu, wasu in sun haɗu narkewa suke yi. Oyil sil kuwa sabo nake sawa kullum.

Inda na fi tsayawa da kaina shi ne wajen noti. Yaron gareji zai riƙe sifana ya ce, "Alhaji, a ƙara ɗaurewa?" don a ganinsa ɗauri shi ne ƙarfi. Wannan notin ba na taya ba ne. Ana ɗaure shi ana juya hob don boris ya zauna, sannan a kwance shi, a mayar da yatsu kawai, a sa sabon fin a ramin da ya fi kusa. Boris da aka matse ba shi da wurin numfashi in ya yi zafi. Giris ya ƙone, ya kama sandar aksul, wani lokacin taya ta fice da kaya a kai.

Tun da duram, wato gangar birki, yana ƙasa, nan nake duba birki. Nawa na lantarki ne, mai maganaɗisu. Lainin, wato abin da ke gogar duram, da kaurinsa ya koma milimita 1.5, ko wanda giris ya jiƙa, canja shi ake yi, kuma hagu da dama tare, in ba haka ba tirela za ta riƙa fizga gefe. Ƙurar birki ba a hura ta da baki, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, don wasu tsofaffin lainin suna da asbestos mai cutar da huhu. Bayan an mayar, sai a juya ɗan haƙorin saiti ta ramin baya har taya ta yi wuyar juyawa, a sassauta har ta saura da ɗan gogi kaɗan.

Aksul ɗin na fam 3,500 ne, wajen kilo 1,600 har da nauyin tirelar kanta, don haka buhu 12 na kilo 100 ne iyakata, ko manomi ya roƙa. A tafiyar farko kuma nakan tsaya bayan kamar kilomita 15 in taɓa hob biyun da bayan hannu. Ɗumi ba komai. Idan ɗaya ya fi ɗaya zafi har ba ya taɓuwa, a nan nake fito da jak.