Kwana ɗaya a gaɓar Bogiya

Sai da na yi wata bakwai ina aiki a Madang, a arewacin Papuwa Niyu Gini, kafin na samu sararin hawa hanyar Bogiya. Ƙaiƙayin kunne ne ya kai ni. Wani abokin aikina ya ce mini masu jin Monumbo, harshen ƙauyensu, 'yan ɗaruruwa ne kawai. Na ce to, sai na ji da kunnena.

Da sanyin safiya muka shiga motar haya, wadda suke ce wa PMV, muka bi bakin teku muka yi arewa maso yamma, tafiyar kusan kilomita 200. Gonakin kwakwa ba iyaka, tsibirin Karkar na hannun dama. Kusan kowa a motar na taunar buai, goron ƙasar ke nan, ana haɗa shi da farar ƙasa, baki ya yi jawur. Aka miƙo mini, na ɗana, kaina ya juya, aka yi ta dariya.

Tun kafin mu isa na hango Manam, dutse mai aman wuta da ke tsaye cikin teku, kilomita 13 daga gaɓa, hayaƙi na tashi a kansa. Da ya yi bore a 2004 an kwashe mutane wajen 9,000 an tsugunar da su a tsofaffin gonakin kwakwa na wannan gaɓa. Ɗaya daga ciki sunanta Potsdam, gadon zamanin mulkin Jamusawa. Harshen mutanen Manam daban yake, ba shi da dangantaka da Monumbo. Gaba kaɗan kuma akwai Hansa Bay, inda jiragen ruwan Japan na yaƙin duniya na biyu ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Da aka ambaci sunan na zabura, na ɗauka Hausa aka ce.

Abin da na zo nema kuwa bai yi saurin fitowa ba. A Mambuwan, ƙauyen abokina, da Tok Pisin aka tare mu, wato harshen gama-gari na ƙasar, da shi aka ba ni ruwan ɗanyar kwakwa, da shi yara ke faɗa a kan ƙwallo. Har la'asar ban ji kalma guda ta Monumbo ba. Sai da dare, ana cin kifi da tuwon saksak, wato garin da ake cirowa daga cikin wata bishiya mai kama da kwakwa, kakar abokina ta juya ga ƙanenta ta saki wata magana mai tsawo, murya ƙasa-ƙasa. Abokina ya taɓa ni.

Nan na zauna ina ta tambaya kamar sabon almajiri. Mu Hausawa "shi" da "ita" muke da su, shi ke nan. Su jinsi biyar suke rarrabewa, har da na ƙananan abubuwa, kuma idan mutum biyu ake nufi, lamirinsu daban da na jama'a. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, don haka sai ka haƙura mai magana ya kai aya kafin ka san me aka yi. Harshen da ke kusa da shi ɗaya ne tak, Lilau, nan maƙwabta. Su biyun ne dangin gaba ɗaya. Masana irin su Donald Laycock sun jingina su da harsunan yankin tsaunukan Torricelli, can yamma, bayan kogunan Ramu da Sepik.

Na gaya wa dattijon, ƙanen kakar, cewa wasu fada-fada biyu, Vormann da Scharfenberger, sun buga nahawun harshensu da Jamusanci a 1914, kuma tun 1904 wani ɗan Ostiriya, Rudolf Pöch, ya naɗi muryoyin kakanninsu ya kai Biyana. Ya jinjina kai, sannan ya tambaye ni mutum nawa ke jin tok ples ɗina, wato harshen gida.

Na ce, "Papa, miliyoyi ne."

Ya ce, "To ƙananan da ke kusa da ku fa?"

Na yi shiru, don ƙauyukan Bauchi ne suka faɗo mini, inda tsohuwa ke magana da yarenta jika na amsawa da Hausa.

Da safe kakar ta kira jikanyarta da Monumbo ta aike ta. Yarinyar ta amsa da Tok Pisin, ta ruga, ta dawo da kwakwa biyu ta sa mini a jaka. Mota na ta ƙaho a bakin hanya.