Littafin da Na Fente da Biro Bai Ci Mini Jarabawa Ba

Ƙannena masu aiki da rana da karatu da dare, sau biyu na zauna jarabawar ƙwarewa a fannin kula da ma'aikata kafin in samu takardar shaida. Karon farko na faɗi, faɗuwar da ba a cewa saura ƙiris. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na yi karatun. Wata huɗu ina dawowa daga ofis, in watsa ruwa, in zauna da littafi daga goma na dare har sai gyangyaɗi ya fara sunkuyar da ni. Ina da biro ja da shuɗi, duk layin da ya burge ni sai in ja masa layi a ƙasa. Kafin jarabawa ta zo, da wuya ka buɗe shafin da bai sha ado ba. In na buɗe babin horar da ma'aikata sai in ji komai sananne ne, in gyaɗa kai in wuce.

Ranar jarabawa aka ce in kawo matakai huɗun da wani masani mai suna Kirkpatrick ya tsara na auna amfanin horo. Wallahi ina ganin shafin a idona, gefen dama, da jan layi biyu a ƙarƙashi. Abin da ke rubuce a wurin ne ya ƙi zuwa. Na kawo biyu, na cike sauran da surutu.

Daga baya na gane idona ne ya saba da shafin, kaina bai riƙe komai ba. Kuma wannan ba sabon ciwo ba ne. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya gwada a kan kansa, ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan koyo, sannan ta riƙa lafawa. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka ba ɗalibai rubutu: wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu aka ɗauke takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaici ne a gaba. Bayan mako guda labari ya juye, waɗanda aka matsa wa tunowa suka fi riƙewa. Ni dai ina sahun masu maimaici, ina ta murna da nasarar minti biyar.

Matakan nan na Kirkpatrick kuwa su ne: yadda mahalarta suka ji da horon, abin da suka koya, ko aikinsu ya sauya, da abin da ma'aikatar ta amfana. Da na dube su da kyau sai dariya ta kama ni, domin wata huɗun nan a mataki na ɗaya na yi su. Ina jin daɗin karatun, shi ke nan.

A zagaye na biyu na ajiye biron ado. In na karanta shafi uku sai in kife littafin, in ɗauki farar takarda in rubuta abin da na tuna, komai ƙanƙantarsa, sannan in buɗe in ga inda na yi ɓari. Makon farko abin ba daɗi, domin kullum takardar na gaya maka gaskiyar da ba ka son ji. Na kuma yanka ƙananan katuna, tambaya a gaba, amsa a baya. A gaban wani na rubuta: me ya sa a wurin Herzberg, masanin abin da ke sa ma'aikaci himma, ƙarin albashi ba ya haifar da himma mai ɗorewa? A baya: albashi na cikin abubuwan da rashinsu ke kawo ƙorafi, amma himma daga aikin kansa take fitowa, da yabo, da ɗora wa mutum nauyi, da samun ci gaba. Katin da na ci sai ya huta kwana uku, in na sake ci ya huta mako, wanda na faɗi kuwa gobe ma muna tare. Tsarin wani ɗan jarida ne Bajamushe, Leitner, kuma akwai manhajojin waya da ke yin wannan lissafin, amma ni katunan da robar ɗaure kuɗi sun ishe ni. A aljihu suke kwana. Jiran taron da oga ya makara ya zama aji.

Karatun dare ma na bar shi. Wanda ya wuni yana sasanta rigimar hutun shekara da kuskuren albashi, kan da ya kawo gida ragowa ne. Na koma minti arba'in da sassafe kafin in taɓa waya, sai doguwar zama ɗaya a ƙarshen mako. Sa'o'ina sun ragu a kan na da, abin da na riƙe ya ƙaru.

Kuskurena na biyu ya fi zama haɗari gare ku, musamman waɗanda suka daɗe a aiki. Na shiga da girman kan cewa shekaruna a ofis sun riga sun amsa rabin tambayoyin. Aka kawo labari: ma'aikaci ya yi kwana uku bai zo aiki ba, bai nemi izini ba, manajansa ya ce a sallame shi. Me za ka yi? Na zage na rubuta yadda muke yi a wurinmu, a tsayar da albashi, a buga takardar sallama, oga ya sa hannu. Na fito ina ganin wannan tambayar kam na cinye ta. Ashe mai duba takarda yana neman a fara tuntuɓar mutumin a bincika, a sanar da shi laifin a rubuce, a zauna a ji ta bakinsa, a yanke hukuncin da ya dace da girman laifin, a bar masa ƙofar ɗaukaka ƙara. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, ta ce kada a sallami ma'aikaci kan halayya ko gazawa sai an ba shi damar kare kansa. Dokar ƙwadago ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ku nemi taku ku karanta ta da kanta, kada ku tsaya ga taƙaitawar wani. Ni al'adar ofishinmu na ɗauka doka ce.

Maganin da na samu shi ne na mai da ofis wurin gwaji. Duk matsalar da ta zo teburina, bayan na tashi sai in rubuta layi uku: abin da muka yi, abin da littafi da doka suka ce, da dalilin da ya raba su. Wani lokaci littafi ne da gaskiya, wani lokaci akwai uzurin da littafi bai hango ba. Ko ta ina, babin ya zauna, domin yanzu yana da fuskar mutum.

Ku kuma san irin gwajin da ke gabanku tun ranar farko. Kwasa-kwasan CIPD, ƙungiyar ƙwararrun kula da ma'aikata ta Birtaniya, masu matakai 3 da 5 da 7, da rubutattun ayyuka ake auna su. Jarabawar SHRM, takwararta ta Amurka, kuwa tana da tambayoyin da ake ba ka yanayi ka zaɓi matakin da ya fi dacewa. Shirinsu ba ɗaya ba ne. Ni sai ana saura kwana shida na fara duba samfurin tambayoyin tawa jarabawar, a lokacin ba abin da za su ƙara mini sai faɗuwar gaba.

Akwai abin da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa. Muna da zauren WhatsApp na mu biyar masu kwas ɗaya, muna jefa wa juna tambayoyi. Wata rana na ga takardar tuhumar da ta yi daidai da babin ladabtarwa, na ɗauki hotonta zan tura musu a matsayin misali. Yatsana na kan madannin turawa na lura sunan mutumin da lambar fayil ɗinsa na nan ɓaro-ɓaro. Mai neman shaidar riƙe sirrin ma'aikata ya kusa tallata sirrin ma'aikaci saboda maki. Na goge hoton, na zauna na ƙirƙiro labarin daga kaina, na sauya sashe da laifi da ranaku, sannan na tura.