Mun Dawo Maradi Lafiya, Ga Godiyata

Alhamdulillahi. Jiya bayan isha'i motarmu ta shigo Maradi, ɗalibai kowa ya kama hanyar gida, ni kuwa sai yau hannuna ya iya riƙe waya. Daga ƙasar Agye muka dawo, inda muka kai ɗalibanmu su ga aikin gona da idonsu.

Abin da ya kai mu ƙasar Agye shi ne kada yaran nan su bar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da takarda kaɗai, hannunsu bai taɓa gatari ba. Tun 1983 aka soma sassaben zamani, wato rainon itatuwan da ke tsirowa da kansu a gona, a jiharmu, amma mu a aji sai zane a allo. Can suka ga manomi na zaɓen tsiro biyu ko uku a kututturen sabara ko kalgo, ya datse sauran, ya bar gawo tsakiyar gero don da damina yake kaɗe ganye, ba ya tare wa shuka rana.

Daren Talatar nan ne ya ƙi barina. Da kububuwa ta sari ɗalibarmu, babu rezo, direba ya tafi neman mai. Ta kama bakin rigata ta ce: "Malam, a gaya wa Innata." Wallahi gwiwoyina suka saki. Baba Sarkin Noma, ka hana in ambace ka, ka gafarce ni, yau kam sai na faɗa. Ko uffan bai ce ba, ya ɗaura shanunsa a amalanke cikin duhu, shanun da suka wuni suna huɗa. Uwargidansa ta shimfiɗa zanenta, ta ɗora kan yarinyar a cinya har bakin likita tana cewa: "Ɗiyata, ina nan." Da na miƙa masa jikka biyar, sai ya ce: "Malam, ashe ɗiya ana biya?"

Allah Ya cika rumbunku, Ya raya zuri'arku, Ya inuwantar da ku ranar da babu inuwa sai tasa. Ma'aikatan da suka kwana tsaye a kanta, Allah Ya biya ku. Iyayen da suka ba mu amanar ƴaƴansu, ba su ce mana kanzil ba, Allah Ya faranta muku.

Akwai na jikina da ke cikin garin nan, ko kiran waya ban gani ba. Ba komai, wataƙila su ma rezon ne.

Ɗalibar tana samun sauƙi, ƙafar ta soma saɓewa. Yau da safe har tana tambaya ko an ɗaura ƙyalle a tsiran da ta zaɓa.