Wasiƙa daga Jamus: amsar masu tambayata labarin Giranada

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fatan kowa lafiya, da iyali da harkoki. A yi mini afuwa da gajeriyar gaisuwa, maganar ce da yawa.

Tun da na sa hotunan da na ɗauko a Giranada wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Wace ƙasa ce wannan? Da gaske a Turai ne ake samun bango cike da sunan Allah haka? Me ka ci a can? Nawa ka kashe? Yaya mutum zai yi ya je? Maimakon in riƙa bin kowa ɗaya bayan ɗaya, na ga gara in zauna in rubuta gaba ɗaya. Zan yi maganar takardu, da wuraren kallo, da abinci, da kuɗi in wuri ya samu.

Giranada birni ne a kudancin Sifaniya, a yankin Andalus da malamanmu na tarihi suke yawan ambato. A gindin duwatsu yake, kimanin mita 700 sama da teku. Daga nan Jamus jirgi mutum zai hau zuwa Malaga, sannan ya shiga bas, tafiyar da ba ta cika awa 2 ba. Wanda ya sauka a Madrid kuma akwai jirgin ƙasa mai gudu da ya fara zuwa birnin tun 2019.

Takardu tukuna, don a nan yawancin tafiye-tafiye suke mutuwa tun kafin a ɗaure jaka. Mu da muke da izinin zama a wata ƙasa ta yankin Shengen (ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, har da Jamus da Sifaniya) ba ma buƙatar biza, amma dole fasfo da katin zaman su kasance tare a aljihu, ɗaya ba ya isa. 'Yan uwanmu na Ingila su sani izinin zamansu ba ya buɗe wannan ƙofa, sai sun nemi biza kamar mai tasowa daga gida. Bizar ta gajeren zama ce, kwana 90 cikin kowane kwana 180. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun 2024, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Za a nemi inshorar lafiya da za ta iya biyan aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanan asusun banki. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda nake jin wasu suna ba mutane shawarar su nemi biza a ofishin jakadancin ƙasar da "ta fi sauƙi", alhali wata ƙasar za su je. Ƙa'ida ita ce ka nema a wurin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Wanda ya yi dabara aka gano shi a filin jirgi, shi kaɗai zai sha wahalar, mai ba da shawarar yana gida yana barci. Ana karɓar takardu tun watanni 6 kafin tafiya, don haka babu dalilin jira sai sati biyu sun rage.

Ko an samu biza da sauran takarda ɗaya, kuma ita ce nake so ku fi riƙewa: tikitin shiga Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi na birnin. A shafukan sayarwa za ku ga an rubuta Alhambra. Wannan tikitin ba irin wanda ake zuwa bakin ƙofa da safe a saya ba ne. Mutane sama da miliyan 2 ne suke ziyartar wurin a shekara, kuma ana ƙayyade yawan masu shiga fadojin sarakuna kowane rabin awa. A lokacin da baƙi suka yi yawa tikitin kan ƙare makonni kafin ranar. Da sunanka da lambar fasfonka ake sayar maka da shi, a ƙofa kuma sai ka nuna fasfon na ainihi. An buga lokacin shigarka a jiki, in an ce ƙarfe 10:30 to 10:30 ɗin ne. Na ga wani magidanci da matarsa da 'ya'yansu sun iso a makare suna haki, don daga babbar ƙofa zuwa bakin fadojin akwai 'yar tafiya. Ya yi roƙo iya roƙo, ba a bar su ba. Har yanzu fuskar matar tana raina. Ga kuma wasu shafukan intanet da suke yin kama da na hukumar wurin, su sayar maka da tikitin da kuɗinsa yake kusa da Yuro 20 a kan ninki biyu ko uku. Don Allah ku duba da kyau kafin ku sa lambar katinku. Tsarin da ya dace shi ne a fara sayen tikitin Alhamra, sannan a nemi jirgi da otal da za su dace da ranar.

Tsaurin yana da ciwo, amma ina ganin daidai ne. Ginin fadojin ba dutse ba ne zalla, yawancin adon farar ƙasa ce da katako, kuma sun haura shekara 600. Da an bar kowa ya shiga yadda ya ga dama yana shafa bango, da tuni sun zama labari. Ina tsaye a layi sai badalar Kano ta faɗo mini a rai, yadda ake ɗibar ƙasarta ana gini a kanta a gaban idonmu. Ba kuɗi kaɗai ne yake tsare irin wannan gado ba, akwai mutumin da aka tsayar a ƙofa aka ba shi ikon cewa a'a, kuma ba wanda ya isa ya kira shi a waya ya ce a bar wane ya wuce.

To, ciki. Sarakunan Banu Nasr ne suka gina wurin, tun daga Muhammadu na ɗaya da ya mai da Giranada hedikwatarsa a 1238, amma mafi kyawun sassan na zamanin Yusufu na ɗaya ne da ɗansa Muhammadu na biyar, a ƙarni na 14. Rubutun da kuka gani a hotuna taken gidan sarautar ne, "Wa la galiba illallah", an maimaita shi a bango da ginshiƙai har ido ya gaji da ƙirga. Akwai ayoyi, akwai kuma waƙoƙin Ibn Zamrak, wazirin fadar, har a bakin kwanon ruwan da zakuna 12 na dutse suke ɗauke da shi. A zauren karɓar jakadu rufin katako ne da aka harhaɗa da guntaye fiye da 8,000, siffar sammai bakwai.

Amma ni abin da ya fi kama ni ruwa ne. Fadar a kan tudu take, kogin Darro yana can ƙasa. Magina sun je can sama, wajen kilomita 6 daga fadar, suka tare kogin suka jawo shi ta magudana a gefen dutse, ba inji ba famfo, gangara kawai da lissafi. Ruwan ya fara shiga lambunan Generalife, inda sarakuna suke zuwa hutu, sannan ya tsallaka cikin fadar. Duk inda ka juya kana jin motsinsa. Akwai wata matattakala a lambun da ruwa yake gudu a cikin abin dafawarta, kana hawa hannunka yana cikin sanyi. A tsakar gidan Comares, ɗaya daga cikin fadojin, tafkin a kwance yake shiru har hasumiyar fadar ta fito a cikinsa kamar an kifa ta. Na daɗe a nan fiye da ko'ina, jama'a suna ta wucewa suna ɗaukar hoto su yi gaba. Wanda zai zo, ya ba wurin rabin yini aƙalla, ya zo da takalmin da ya saba da shi.

Ba na so in ɓoye muku ɗaya gefen labarin. Ranar 2 ga Janairu 1492 sarki na ƙarshe, Muhammadu na 12, ya miƙa birnin ga Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella, bisa yarjejeniyar cewa Musulmi za su ci gaba da addininsu. Ba a yi shekara goma ba aka karya alkawarin, aka tilasta wa mutane barin addini, aka ƙona littattafan Larabci a dandalin Bib-Rambla. A 1609 aka fara korar zuriyarsu daga ƙasar baki ɗaya. Cikin iyalan da suka bar birnin tun farko akwai na Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya tashi a Fas, daga baya ya rubuta labarin Kano da Katsina da Gobir a littafinsa. Mutum yana zaune a dandalin nan yana shan abu mai ɗumi, sanin abin da ya faru a wurin ba ya barinsa ya sake gaba ɗaya.

Da yamma ku hau unguwar Albaicín, tsohuwar unguwa mai lunguna da fararen gidaje da ke fuskantar fadar. A can saman akwai masallacin da aka buɗe a 2003, ana salloli biyar da Juma'a. Kowa yana cunkoso a dandalin San Nicolás don kallon faɗuwar rana, alhali lambun masallacin yana nan gefe, kallon iri ɗaya ne, ga natsuwa. Ku riƙe rigar sanyi. Kada sunan kudancin Sifaniya ya ruɗe ku, duwatsun Sierra Nevada suna bayan gari da dusar ƙanƙara a kansu, mafi tsawonsu ya kai mita 3,479, kuma a hunturu rana tana faɗuwa iskarsu take saukowa cikin lungunan.

Sai abinci, inda tambayoyinku suka fi yawa. Gaskiya ita ce alade yana ko'ina. Za ka shiga shago ka ga cinyoyinsa a rataye a sama. Wanda ake gani ba shi ne matsala ba, wanda ba a gani ne. Ana sa guntayensa a cikin wake, a barbaɗa shi a kan miyar tumatir mai kauri da suke kira salmorejo, a cusa shi a cikin soyayyun dunƙulen croquetas, ana kuma yin wasu kayan zaƙi da kitsensa, musamman mantecados da polvorones. Wasu miyar nama kuma da giya ake dafa su. In ka ce ba ka cin nama, mai hidima zai iya kawo maka abu da jamón, wato busasshen naman cinyar alade, a kai da zuciya ɗaya, don shi a wurinsa wannan kayan ɗanɗano ne. Sai ka ambaci sunayen: cerdo (alade), jamón, manteca (kitsen alade), vino (giya). Rubuta su a waya ka nuna. Ban haɗu da wanda ya ɓata rai don na tambaya ba, wata mata ma har kicin ta koma ta dubo mini.

Saboda wannan fargaba da yawa daga cikinmu sukan ƙare a shagon kebab safe da dare. Ba laifi ba ne, kuma a titin Calderería Nueva da kewayensa akwai gidajen abincin halal na 'yan Maroko da gidajen shayi jere. Amma abin takaici ne mutum ya yi wannan doguwar tafiya bai ɗanɗana abincin garin ba, alhali akwai mai yawa da ba ruwansa da alade. Ku nemi berenjenas con miel, yalo ne babba da aka yanka aka soya aka zuba masa baƙar zumar rake a kai. Gishiri da zaƙi a loma ɗaya, shi na fi so a duk abin da na ci. Ku nemi remojón, haɗin lemon zaƙi da kifi mai gishiri da albasa da zaitun da man zaitun. Jin sunan kayan ba zai ba ka sha'awa ba sai ka kai baki. Akwai ƙananan kifaye soyayyu da ake kawowa daga gaɓar teku, akwai wainar ƙwai da dankali, da zafi kuma akwai gazpacho, miyar tumatir mai sanyi da ake sha a kofi. Da safe a gasa burodi a shafa masa tumatir da man zaitun, ko a tsoma churros, soyayyen ƙullin fulawa mai tsawo, a cakulan mai kauri. Batun naman sa da na rago a gidajen da ba na halal ba, kowa ya san fatawar da yake bi, ni dai kifi da kayan lambu sun wadatar da ni.

Al'adarsu ɗaya ta burge ni. A Giranada in ka sayi abin sha, ko lemon kwalba ne, sai a kawo maka ɗan faranti na abinci kyauta, shi ne tapa. In ka ƙara wani a kawo wani iri. Sau da yawa ba kai kake zaɓa ba, don haka ka faɗi abin da ba ka ci tun lokacin da kake odar abin shan. Yawancin wuraren ana sayar da giya a cikinsu, wanda zuciyarsa ba ta natsu da zama a ciki ba ya nemi masu tebura a waje ko ya tafi gidan shayi. Ku kuma gyara agogon cikinku: abincin rana sai wajen ƙarfe 2, na dare daga ƙarfe 9, tsakaninsu kicin da yawa a rufe suke. Mai tafiya da yara ko mai ciwon suga ya riƙe wani abu a jaka.

Batun kuɗi ba zan ba ku adadi ba, don farashin jirgi da otal yana sauyawa da wata da rana. Abin da zan ce shi ne abincin rana ya fi araha in ka nemi menú del día, wato haɗin abincin da gidan ya tsara na ranar, kuma cikin gari da ƙafa ake yawonsa. Masu shirin haɗa Paris da Rum da Giranada a hutu ɗaya don bizar ta biya kuɗinta, ina roƙonku ku rage. Rabin hutun zai ƙare a filin jirgi, ga tikitin da ba ya jiran kowa.

Ban yi maganar tsohuwar makarantar da Yusufu na ɗaya ya kafa a 1349 ba, da kogunan dutse na Sacromonte, da babbar majami'a da kabarin Ferdinand da Isabella a gefenta. Wanda ya riga ya sa ranar tafiya ya aiko mini da saƙo, zan yi masa bayanin hanyar bas daga Malaga da unguwar da ta fi kusa da masallaci.

A gaida iyaye da yara. Wassalam.

Ɗan uwanku a Jamus